Kutse da sake haɗa kafofin dijital a matsayin fasahar fafutuka

Kutse da sake haɗa kafofin dijital a matsayin fasahar fafutuka wani salon aiki ne na masu fasaha da 'yan gwagwarmaya, inda suke ɗaukar abin da wani mai iko ya riga ya fitar, kamar tallar kamfani ko jawabin shugaba ko shafin intanet na hukuma ko wasan kwamfuta, su sauya shi ta yadda zai faɗi abin da mai shi ba ya son a ji. Salon ya bunƙasa ne a Turai da Amurka daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da intanet ya fara shiga gidajen mutane, daga baya ya bazu zuwa sauran duniya ta hanyar wayar salula da shafukan sada zumunta.

Kalmar kutse a nan ta fi yadda aka saba jin ta a labarai faɗi. Yawancin waɗannan ayyuka ba a fasa kalmar sirrin kowa ba wajen yin su, ba a kuma saci kuɗi ba. Abin da ake nufi shi ne a sa na'ura ko manhaja ko wata kafa ta yi aikin da ba dominsa aka ƙirƙire ta ba. Sake haɗawa kuwa shi ne a yanko sauti ko hoto ko bidiyo daga wurare daban-daban a harhaɗa su su ba da sabuwar ma'ana. Ƙarfin irin wannan aiki daga aro yake zuwa: mai fasahar ba shi da kuɗin talla, ba shi da gidan talabijin, don haka sai ya ari murya da tambari da mutuncin wanda yake suka, ya doke shi da sandarsa. Daga nan ne kuma matsalolinsa suke tasowa, domin aron muryar wani ba da izininsa ba yana iya zama satar fasaha a idon doka, yana kuma iya zama yaudara a idon jama'a.

Asalinsa kafin intanet

Tun kafin kwamfuta ake yin wannan aiki da almakashi da gam. A Jamus, John Heartfield ya riƙa yanka hotunan jaridu yana haɗa su a mujallar ma'aikata ta AIZ don tona asirin 'yan Nazi. A wani aikinsa na shekarar 1932 ya ɗauki hoton Hitler ya ɗaga hannu yana gaisuwarsa da aka sani, sai ya tsayar da wani ƙaton attajiri a bayansa yana zuba masa kuɗi a tafin hannun. Hoton gaisuwar na gaske ne, Heartfield bai taɓa shi ba. Abin da ya ƙara a gefe shi ya juya ma'anarsa. A 1933, bayan Hitler ya hau mulki, sai da ya gudu zuwa birnin Prague.

A Faransa ne aka yi wa dabarar suna. A 1956 Guy Debord da Gil Wolman suka wallafa wata maƙala kan abin da suka kira détournement, wato karkatar da abu daga hanyar da aka ɗora shi. Ƙungiyar Situationist International, wadda aka kafa a 1957, ta mayar da wannan babban makaminta: 'ya'yanta kan ɗauki littafin barkwanci mai zane su goge maganar da ke bakin mutanen ciki su rubuta ta siyasa. A 1973 René Viénet ya ɗauki wani fim ɗin kung fu na Hong Kong ya ɗora masa sabuwar murya da Faransanci, 'yan wasan suka koma ma'aikata da manyan jami'an hukuma suna faɗa kan aƙida. Duk wanda ya saba kallon fina-finan Indiya da aka ɗora musu muryar Hausa ya san yadda sabuwar murya take iya mallake tsohon hoto, ko da yake a can nishaɗi da kasuwa ake nema.

A Amurka, ƙungiyar Billboard Liberation Front ta fara sauya rubutun manyan allunan talla a San Francisco tun 1977. Ƙungiyar mawaƙa ta Negativland ce ta fito da sunan culture jamming a 1984, daga al'adar masu toshe tashar rediyo da hayaniya, sannan Mark Dery ya yaɗa sunan da wata ƙasida da ya fitar a 1993. Mujallar Adbusters, da aka kafa a Vancouver ta Kanada a 1989, ta shahara da tallace-tallacen shaguɓe na taba da barasa da kayan sawa.

Wani aiki na 1993 shi ne gada tsakanin zamanin almakashi da na lantarki. Wasu da suka kira kansu Barbie Liberation Organization sun sayi 'yartsanar Barbie mai magana da kuma ɗan tsanan soja G.I. Joe, suka musanya na'urorin muryar da ke cikinsu, suka mayar da su kan kantar shaguna gab da Kirsimeti. Yaran da aka saya wa sai suka ji Barbie tana maganar yaƙi da ramuwa, sojan kuma yana zancen sayayya. A cikin kwalin an saka takarda mai lambobin gidajen talabijin, kuma kafin a aikata an riga an tanadi bidiyon da za a ba 'yan jarida. Wannan ya zama darasi ga na baya: 'yan tsanan da aka taɓa ba su da yawa, labarin da aka yi a kansu shi ne ainihin aikin.

Shafukan bogi da The Yes Men

A farkon zamanin intanet, kwafe shafin wata hukuma abu ne mai sauƙi, kuma sunayen adireshi da yawa ba a riga an kama su ba. A 1999 ƙungiyar RTMark ta shirya shafin gwbush.com, mai kama da shafin yaƙin neman zaɓen George W. Bush amma cike da zambo. Kwamitin yaƙin neman zaɓen ya kai ƙorafi hukumar zaɓe ta tarayya, shi kuma Bush da aka tambaye shi ya ce ya kamata 'yanci ya kasance da iyaka. Wannan amsa ta jawo wa shafin masu ziyara fiye da duk abin da masu shi suka rubuta.

Daga cikin wannan da'ira aka samu mutum biyu, Jacques Servin da Igor Vamos, waɗanda aka fi sani da sunayen aro Andy Bichlbaum da Mike Bonanno, ko kuma The Yes Men. Vamos na cikin waɗanda suka yi aikin Barbie. Sun riƙe shafin gatt.org, wanda ya kwaikwayi na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, har masu shirya taruka suka fara aiko musu da gayyata a zaton su ne hukumar. Sai suka riƙa amsawa. A wani taron lauyoyi a Salzburg ta Ostiriya a 2000, Servin ya tsaya da sunan wakilin WTO ya kawo shawarar a bar 'yan ƙasa su sayar da ƙuri'unsu ga wanda ya fi taya su. Babu wanda ya kore shi daga zauren. Su kan kira abin da suke yi gyaran shaida: ɓarawon shaida yana shiga rigar talaka ya cuce shi, su kuwa suna shiga rigar babba su faɗi abin da suke ganin shi ne gaskiyar manufarsa.

Aikinsu mafi girma ya shafi bala'in Bhopal. A daren 2 ga Disamba 1984, wayewar 3 ga wata, iskar guba ta methyl isocyanate ta ɓalle daga masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide a birnin Bhopal na Indiya. Gwamnatin jihar Madhya Pradesh ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, ƙungiyoyin waɗanda abin ya shafa kuma suna cewa adadin ya ninka haka sau da yawa. Sama da mutum 500,000 ne suka shaƙi iskar. A 1989 kamfanin ya biya diyyar dala miliyan 470 bisa sulhu da gwamnatin Indiya, kuɗin da mutanen Bhopal suka daɗe suna cewa bai kai ko'ina ba. A 2001 kamfanin Dow Chemical ya sayi Union Carbide, ya kuma tsaya a kan cewa maganar ta ƙare da sulhun 1989, shi bai taɓa mallakar masana'antar ba.

The Yes Men suna da shafi mai suna dowethics.com da ya yi kama da na Dow. Da bala'in ya kusa cika shekara 20, wani ma'aikacin BBC da ke neman kakakin kamfanin ya faɗa wannan shafi ya aika da saƙo. Ranar 3 ga Disamba 2004 Servin ya bayyana kai tsaye a tashar BBC World daga wani ɗakin watsa shirye-shirye a Paris, sanye da kwat, da sunan Jude Finisterra, mai magana da yawun Dow. Ya ce kamfanin ya ɗauki alhakin abin da ya faru gaba ɗaya, zai sayar da Union Carbide, ya yi amfani da dala biliyan 12 wajen biyan diyya da share gubar da ta rage a wurin. Kamfanonin dillancin labarai suka ɗauka. Cikin minti 23 hannun jarin Dow ya faɗi da sama da kashi 4 cikin 100 a kasuwar Frankfurt, asarar kimanin dala biliyan 2 a takarda, wadda ta dawo bayan an gano gaskiya. Bayan kamar awa biyu BBC ta janye labarin ta nemi afuwa.

Abin da ya sa ake yawan kawo wannan misali shi ne tarkon da ke cikinsa. Don Dow ya ƙaryata labarin, dole ya fito da bakinsa ya ce ba zai biya ƙarin diyya ba, ba zai share wurin ba, a daidai ranar da duniya take tuna mamatan. Faɗuwar hannun jarin ma ta zama hujja, domin ta nuna yadda kasuwa take hukunta kamfanin da ya ce zai yi abin da ya dace. To amma akwai ɗaya gefen. A Bhopal an ji labarin, wasu sun yi kukan murna, bayan awanni aka ce musu ƙarya ne. An soki The Yes Men da wasa da zukatan mutanen da suka riga suka sha wuya. Sun amsa cewa awa biyu na begen banza bai kai shekara ashirin na watsi ba, kuma daga baya sun je Bhopal sun ɗauki ra'ayin wasu masu fafutuka a can da suka goyi bayansu, abin da ya fito a fim ɗinsu na 2009. Amsar tana da ƙarfi, sai dai ba ta goge cewa ba a shawarci waɗanda za su ji zafin ba kafin a aikata.

Sun ci gaba da irin wannan. A Nuwamba 2008 su da wasu ƙungiyoyi sun raba jaridar New York Times ta bogi a titunan New York, mai ɗauke da kwanan watan 4 ga Yuli 2009 da kanun labarin cewa yaƙin Iraƙi ya ƙare. A Oktoba 2009 suka kira taron manema labarai a Washington da sunan Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Amurka, suka sanar da cewa ta daina adawa da dokar sauyin yanayi, har jami'in cibiyar na gaske ya shigo ana tsaka da taron. Cibiyar ta kai su kotu, ta janye ƙarar a 2013.

Zaman dirshan a intanet

Wani reshe na wannan fasaha bai damu da kwaikwayon shafi ba, tare ƙofarsa yake yi. Tunanin ya fito ne daga ƙungiyar Critical Art Ensemble, wadda ta yi hujja a tsakiyar shekarun 1990 cewa iko ya tashi daga gine-gine ya koma cikin wayoyin sadarwa, don haka mai son yin zaman dirshan sai ya bi shi can.

Waɗanda suka aiwatar da shi su ne Electronic Disturbance Theater: Ricardo Dominguez da Carmin Karasic da Brett Stalbaum da Stefan Wray. Abin da ya tunzura su ya faru ne a jihar Chiapas ta Meziko, inda 'yan Zapatista suka yi tawaye tun 1 ga Janairu 1994. Ranar 22 ga Disamba 1997 wasu 'yan bindiga masu goyon bayan gwamnati suka kashe mutum 45 a ƙauyen Acteal suna cikin addu'a, yawancinsu mata da yara. Ƙungiyar ta rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna FloodNet. Duk wanda ya buɗe shafinsu a lokacin da aka sanar, burauzarsa za ta riƙa neman shafin da aka nufa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, ba tsayawa. Mutum ɗaya ba ya yin komai. Idan dubbai suka taru, shafin ya yi nauyi ko ya tsaya. An fara gwada ta a kan shafin shugaban Meziko Ernesto Zedillo ranar 10 ga Afrilu 1998, ranar tunawa da kisan Emiliano Zapata.

Wurin da fasahar take shi ne wani ɗan wayo da suka ƙara. Idan aka nemi fayil ɗin da babu shi a kwamfutar da ke ɗauke da shafi, takan amsa cewa ba a samu abu kaza ba, ta kuma rubuta hakan a kundinta. Sai FloodNet ta ba mutane damar neman fayil mai suna adalci, ko haƙƙin ɗan Adam, ko sunan ɗaya daga cikin mamatan Acteal. Kwamfutar gwamnati da kanta sai ta riƙa amsawa cewa ba a samu adalci a nan ba.

A Satumba 1998, lokacin bikin fasaha na Ars Electronica a Linz ta Ostiriya, suka nufi shafuka uku a rana ɗaya: na Zedillo, na ma'aikatar tsaron Amurka Pentagon, da na kasuwar hannun jari ta Frankfurt. Pentagon ta mayar da martani da wata manhaja da ta riƙa daskarar da burauzar masu zaman dirshan ɗin. 'Yan ƙungiyar sun dage kan abu biyu da suka ce su ne suka raba su da masu laifi: suna amfani da sunayensu na gaskiya, kuma suna sanar da rana da lokaci tun kafin a fara. Duk da haka ba kowa ya yarda ba, har a cikin masu kutse. Wasu 'yan ƙungiyar Cult of the Dead Cow sun ce toshe shafin wani hana shi magana ne, ko da wane suna aka kira shi.

Kotu ta taɓa duba wannan tambaya a Jamus. Ranar 20 ga Yuni 2001 kimanin mutum 13,000 suka yi zaman dirshan a shafin kamfanin jiragen sama na Lufthansa, don nuna adawa da yadda ake amfani da jiragensa wajen mayar da masu neman mafaka ƙasashensu da ƙarfi. A 2005 wata kotu a Frankfurt ta ci ɗaya daga cikin masu shirya abin tara, amma a 2006 babbar kotun yankin ta soke hukuncin, ta ce abin da aka yi bai kai amfani da ƙarfi ba. Wannan hukunci bai zama ruwan dare ba. A Amurka an gurfanar da mutum 14 kan toshe shafin PayPal da aka yi a 2010 da sunan Anonymous, kuma shi kansa Dominguez, wanda ya zama malami a Jami'ar California da ke San Diego, an bincike shi a 2010 bayan wani zaman dirshan a shafin ofishin shugaban jami'ar.

Wasannin kwamfuta

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, wasannin harbi sun zama fagen wannan aiki. A 2002 Anne-Marie Schleiner da abokan aikinta suka fitar da Velvet-Strike, tarin zane-zanen adawa da yaƙi da ɗan wasa zai iya fesawa a bangon cikin wasan Counter-Strike. A shekarar ce kuma rundunar sojan Amurka ta fitar da wasanta na kyauta, America's Army, don jawo matasa shiga soja. Daga 2006 zuwa 2011 Joseph DeLappe ya riƙa shiga wannan wasa, ya ajiye bindigarsa, ya fara rubuta suna da shekaru da ranar mutuwar sojojin Amurka da aka kashe a Iraƙi a akwatin hirar 'yan wasa, har sai an harbe shi, sannan ya dawo ya ci gaba. Ya rubuta sunaye sama da 4,000. Sau da yawa sauran 'yan wasan kan zage shi ko su kaɗa ƙuri'ar korarsa.

Aikin Wafaa Bilal, ɗan Iraƙi mazaunin Amurka wanda aka kashe ɗan'uwansa a Kufa a 2004, ya nuna yadda abu ɗaya yake wucewa hannu zuwa hannu. A 2003 an fitar da wasan Quest for Saddam a Amurka, inda ake farautar Saddam Hussein. Wata kafar farfaganda mai alaƙa da al-Qa'ida ta sauya masa fuskoki ya koma farautar Bush. A 2008 Bilal ya sake sauya wannan na biyun, ya saka kansa a ciki a matsayin mutumin da baƙin cikin mutuwar ɗan'uwansa ya sa aka ja shi cikin ƙunar baƙin wake, yana cewa yana son nuna yadda yaƙi yake tura farar hula hannun masu tsattsauran ra'ayi. Kwalejin Rensselaer da ke jihar New York ta rufe baje kolin, da aka mayar da shi wata cibiya a garin Troy kuma hukumomin garin suka rufe ginin da hujjar ƙa'idojin gini.

Lokacin da kowa ya samu kayan aiki

Da zuwan YouTube a 2005 da wayoyi masu kyamara, aikin ya fita daga hannun ƙungiyoyin masu fasaha. Ranar 22 ga Fabrairu 2011 Mu'ammar Gaddafi ya yi jawabi yana alwashin bin masu bore gida-gida, lungu-lungu. Wani mawaƙi ɗan Isra'ila mai asali da Tunisiya, Noy Alooshe, ya yanka jawabin ya ɗora shi a kan kiɗan wata waƙar Pitbull, ya kira shi Zenga Zenga, daga kalmar lungu a Larabcin Libiya. Kunnen Bahaushe zai ji kamar zanga-zanga aka ce, amma dacewa ce kawai. Bidiyon ya samu miliyoyin masu kallo, 'yan adawar Libiya suka ɗauke shi, jawabin da aka yi don tsoratarwa ya koma abin rawa.

A ƙasar Sin sake haɗawa hanya ce ta tsallake masu tace bayanai. A Maris 2020 mujallar Renwu ta buga hira da Ai Fen, likitar da ke shugabantar sashen gaggawa a wani babban asibitin Wuhan, kan yadda aka tsawata mata don ta yi gargaɗin sabuwar cutar korona. Cikin sa'o'i aka goge hirar. Masu amfani da intanet suka riƙa sake buga ta da alamomin emoji, da baƙaƙen Morse, da rubutun makafi, da rubutu daga ƙarshe zuwa farko, duk don na'urar tacewa ta kasa gane ta.

A Nijeriya misalin da ya fi tayar da ƙura shi ne This Is Nigeria na mawaƙi Falz, wanda ya fito a Mayu 2018, makonni kaɗan bayan This Is America na Childish Gambino, ya ɗauki kiɗansa da tsarin bidiyonsa ya zuba musu matsalolin gida: cin hanci, cin zalin 'yan sandan SARS, shan kodin, kashe-kashe. Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta nemi a janye bidiyon saboda 'yan mata masu hijabi da aka nuna suna rawa da kuma yadda aka siffanta Bafulatani. Falz ya ce 'yan matan suna wakiltar ɗaliban Chibok ne. A Agustan shekarar hukumar NBC ta hana sa waƙar a gidajen rediyo da talabijin.

Kayan tarihin Afirka da ke Turai ma sun shiga ciki. A Disamba 2015 Nora Al-Badri da Jan Nikolai Nelles suka saki bayanan siffar mutum-mutumin Nefertiti, wanda Jamusawa suka tono a Masar a 1912 yake kuma ajiye a Berlin, ta yadda kowa zai iya buga kwafinsa. Sun ce a ɓoye suka ɗauki siffar a cikin gidan tarihin. Masana sun yi shakka, domin ingancin ya fi ƙarfin na'urar da suka nuna, wasu na ganin bayanan gidan tarihin ne suka fita. A 2019 aka tilasta wa hukumar gidan ta saki nata bayanan ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai.

Doka

Dokoki iri biyu ne suke hawa kan wannan aiki, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko dokar haƙƙin mallaka. A 1991 kamfanin Island Records ya kai Negativland ƙara kan wani faifai da suka yi da sautin ƙungiyar U2, aka janye faifan daga kasuwa. A 1994 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Campbell da Acuff-Rose, ta ce kwaikwayon shaguɓe yana iya samun kariya ko da an sayar da shi. Birtaniya ta shigar da irin wannan sassauci a dokarta a 2014, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ambaci shaguɓe da zambo cikin abubuwan da aka yarda a yi. A aikace dai ba alƙali ne yake fara yanke hukunci ba, na'urar YouTube ce. Bidiyon Buffy vs Edward na Jonathan McIntosh, wanda ya haɗa fim da wasan talabijin a 2009 don sukar yadda ake nuna bibiyar mace a matsayin soyayya, an sauke shi kan ƙorafin kamfanin Lionsgate, sai a Janairu 2013 aka mayar da shi bayan surutu ya yi yawa.

Na biyu dokar laifukan kwamfuta, kamar ta Amurka ta 1986 da ta Nijeriya ta 2015. A nan babu sassauci don fasaha. Shiga kwamfutar wani ba da izini ba ko hana ta aiki laifi ne mai ɗauri, ko mene ne niyyar mai yi.

Suka

Sukar da ta fi daɗewa ita ce kasuwa tana haɗiye duk abin da aka jefe ta da shi. Kamfanoni sun koyi yin tallar da take yi wa kanta shaguɓe, ita ma Adbusters ta fara sayar da takalmanta. Akwai kuma batun wanda ake taɓawa. A 2011 Paolo Cirio da Alessandro Ludovico suka kwashi bayanan mutum miliyan ɗaya daga Facebook, suka zuba hotunan 250,000 a wani shafin neman aure na bogi, don nuna yadda bayanan mutane suke a banza. Facebook aka nufa, amma fuskokin talakawan da ba a tambaya ba aka baje.

Dabarar kuma ba ta da jam'iyya. Shari'ar da ta sa Kotun Tarayyar Turai ta fayyace ma'anar kwaikwayon shaguɓe a 2014 ta taso ne daga wata kalanda da ɗan jam'iyyar Vlaams Belang mai ƙyamar baƙi a Beljiyam ya raba, inda aka sauya bangon wani littafin zane na yara. Masu yaɗa labaran ƙarya a lokacin zaɓe da shafin bogi da yankakken bidiyo suke aiki, kayan da The Yes Men suka yi amfani da su. Masu kare fasahar suna cewa bambancin yana wurin tonawa: mai fasaha yana shirya ƙaryarsa ne don a gano ta cikin awanni, ya fito ya ce shi ne, mai labarin ƙarya kuwa fatansa kada a taɓa ganowa. Sai dai tonawar ba ta cika isa duk inda ƙaryar ta isa ba, musamman a WhatsApp, inda ake tura bidiyo ba tare da bayanin da ya zo da shi ba.

A Mayu 2019 Facebook ya ƙi goge wani bidiyon Nancy Pelosi da aka rage wa gudu don ta yi kamar ta bugu. A watan da ya biyo baya Bill Posters da Daniel Howe suka sa wani bidiyo a Instagram, wanda aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, inda Mark Zuckerberg yake alfahari da mallakar bayanan biliyoyin mutane, maganar da bai taɓa yi ba. Sun yi masa alamar cewa haɗi ne, a matsayin wani ɓangare na aikinsu mai suna Spectre. Kamfanin ya ce zai bi da shi yadda yake bi da sauran bayanan ƙarya, bai goge shi ba.